Kenneth Kaunda da Siyasar Haɗin Kan Ƙasa a Zambiya

1.0 Gabatarwa

Daga cikin 'yan gwagwarmayar neman 'yanci na kudancin Afirka waɗanda suka hau kujerar shugabanci, kaɗan ne suka daɗe a kanta kamar Kenneth David Kaunda na Zambiya, wanda ya yi mulki shekara 27, daga 1964 zuwa 1991. Manazarta tarihi sun fi tunawa da shi ta fuskar taimakon da ya bai wa masu yaƙi da mulkin wariyar launin fata. Wannan maƙala kuwa za ta dubi rayuwarsa ta siyasa ne ta wata fuska, wato matsalar haɗa kan al'ummu masu harsuna daban-daban a cikin ƙasa ɗaya. Abin da ake son nunawa shi ne, neman haɗin kai shi ne jarin da ya ɗaga Kaunda, shi ne kuma hujjar da ya kafa wajen ɗora Ingilishi a kan harsunan ƙasarsa da kuma toshe ƙofar hamayya. An karkasa bayanin bisa tsarin shekaru, tun daga asalinsa har zuwa abin da ya same shi bayan ya sauka.

2.0 Asali da Tasowa

An haifi Kaunda ran 28 ga Afrilu 1924 a mishan ɗin Lubwa, kusa da garin Chinsali, a arewacin ƙasar da Turawan Ingila suke kira Rodeshiya ta Arewa. Mahaifinsa, David Kaunda, malami ne kuma mai wa'azi na Cocin Sikotilan, wanda aka turo daga Niyasaland, wato Malawi ta yau, domin ya yi aiki a tsakanin al'ummar Bemba. Mahaifiyarsa Helen ma daga can ta fito. Ke nan Kaunda ya tashi da harshen Bemba a bakinsa, amma ba shi da dangi ko gidan sarauta a cikin Bembawa. Wannan baƙunta ta yi masa rana a farkon siyasarsa, domin babu wata ƙabila da za ta ce nata ne ita kaɗai, babu kuma wadda za ta ji tsoron zai danne ta saboda tasa.

Ya yi karatu a Lubwa, sa'annan a makarantar Munali ta Lusaka daga 1941 zuwa 1943, ya kuma koma gida ya kama aikin koyarwa. Abokinsa na ƙuruciya a Chinsali shi ne Simon Kapwepwe, wanda sunansa zai yi ta fitowa a wannan bayani. A 1951 Kaunda ya zama sakataren shirye-shirye na Lardin Arewa a jam'iyyar 'yan ƙasa ta ANC, wadda Harry Nkumbula yake jagoranta. Ya riƙa zaga ƙauyuka a kan keke yana buɗe rassa, kuma a 1953 aka ɗauke shi zuwa Lusaka a matsayin babban sakataren jam'iyyar.

3.0 Gwagwarmayar Neman 'Yanci

A wannan shekara ta 1953 ne Ingila ta haɗa Rodeshiya ta Arewa da Rodeshiya ta Kudu da Niyasaland a cikin tarayya ɗaya, ba tare da yardar baƙar fata ba. 'Yan ƙasa sun fahimci cewa manufar ita ce a miƙa arzikin tagullar arewa ga Turawa 'yan kaka-gida masu hedkwata a Salisbury. A 1955 aka ɗaure Kaunda da Nkumbula wata biyu bisa laifin mallakar takardun da gwamnati ta haramta. Bayan haka ra'ayinsu ya fara rabuwa, domin Nkumbula ya yarda a shiga zaɓe ƙarƙashin tsarin da ya hana mafi yawan baƙar fata ƙuri'a, Kaunda kuwa ya ƙi. A watan Oktoba 1958 ya ɓalle tare da Kapwepwe suka kafa jam'iyyar ZANC. Gwamnati ta haramta ta a watan Maris 1959, aka kai Kaunda ɗaurin talala a Kabompo, daga baya kuma aka yanke masa hukuncin wata tara a kurkuku. Da ya fito a watan Janairu 1960 sai Mainza Chona ya miƙa masa shugabancin sabuwar jam'iyya, UNIP.

Kaunda ya yi ta nanata cewa hanyar Gandhi ya bi, wato gwagwarmaya ba tare da zub da jini ba. Duk da haka, a 1961 magoya bayan UNIP a lardunan Arewa da Luapula sun tare hanyoyi, sun karya gadoji, sun ƙona gine-ginen gwamnati, a tarzomar da aka yi wa laƙabi da Cha-cha-cha. Wannan ya tilasta wa Ingila sake duba tsarin mulkin. Zaɓen 1962 ya haifar da gwamnatin haɗin gwiwa tsakanin UNIP da ANC, aka rushe tarayyar a ƙarshen 1963, kuma a zaɓen Janairu 1964 UNIP ta sami kujeru 55, Kaunda ya zama firayim minista. Ran 24 ga Oktoba 1964 aka sauke tutar Ingila, ya zama shugaban Jamhuriyar Zambiya na farko.

Abubuwa biyu da suka faru gab da samun 'yanci sun nuna irin ƙasar da ya gada. Na farko, a watan Mayu 1964 sai da ya sa hannu a kan yarjejeniya da Litunga, sarkin al'ummar Lozi, kafin ƙasar Barotse ta yarda ta shiga sabuwar jamhuriya. Na biyu, a watannin Yuli da Agusta rikici ya ɓarke a mahaifarsa Chinsali tsakanin jami'an tsaro da mabiya cocin Lumpa na Alice Lenshina, waɗanda suka ƙi sayen katin jam'iyya. Fiye da mutum 700 suka mutu. Dokar ta-ɓaci da aka sa a lokacin ba a ɗage ta ba sai a 1991, kuma ita ce ta ba shugaba ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba.

4.0 Matsalar Harshe

An saba cewa a Zambiya akwai ƙabilu 73, ko da yake da yawa daga cikin harsunansu karori ne na juna. Tun ƙarshen shekarun 1920 gwamnatin mulkin mallaka ta zaɓi huɗu domin koyarwa a azuzuwan farko: Bemba da Nyanja da Tonga da Lozi. Daga baya aka ƙara Lunda da Luvale da Kaonde na lardin arewa maso yamma, suka zama bakwai. Bemba ya zama harshen ma'aikatan haƙar tagulla, Nyanja kuma harshen birnin Lusaka da barikin 'yan sanda. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kai matsayin da Suwahili ya kai a Tanzaniya, inda Julius Nyerere ya tarar da harshe gama-gari wanda ba na wata babbar ƙabila ba.

Taken da Kaunda ya ba ƙasarsa shi ne Zambiya ɗaya, al'umma ɗaya. A ganin gwamnatinsa, ɗaukaka ɗaya daga cikin harsunan nan bakwai zai tayar da sauran, saboda haka sai ta rungumi Ingilishi a matsayin harshen da ba na kowa ba. A 1965 aka yanke shawarar cewa da Ingilishi za a riƙa koyar da yara tun daga aji ɗaya na firamare, aka kuma tabbatar da haka ƙarƙashin dokar ilmi ta 1966, zamanin da John Mwanakatwe yake ministan ilmi. Harsunan gida suka koma darasi kawai, ana kuma watsa shirye-shirye da su a rediyo. Akwai wasu dalilai na aiki a bayan wannan shawara. A lokacin samun 'yanci 'yan ƙasa masu digiri ba su wuce kimanin ɗari ɗaya ba, ana bukatar ma'aikata cikin gaggawa, malamai da dama baƙi ne, kuma gwamnati tana son ta riƙa tura ma'aikaci kowane lardi ba tare da harshe ya zama cikas ba.

Abin lura a nan shi ne, gwamnatin 'yan ƙasa ta rage wa harsunan gida matsayin da suke da shi a zamanin Turawa. Kapwepwe yana daga cikin waɗanda suka soki wannan mataki a fili, yana ganin cewa raba yaro da harshensa raba shi ne da al'adarsa. A 1976 wani daftarin gyaran ilmi ya ba da shawarar a koma ga harsunan gida a azuzuwa huɗu na farko, amma takardar ƙarshe ta 1977 ta bar Ingilishi a inda yake, duk da ta amince cewa yaro ya fi fahimta da harshen uwa. A wannan shekara ce kuma Nijeriya ta fitar da manufarta ta ilmi, wadda ta ce a fara koyarwa da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankin. Ƙasashen biyu sun fuskanci tambaya ɗaya, suka ba da amsa mabambanciya a kan takarda. Masana irin su Mubanga Kashoki, wanda ya yi aiki a babban binciken harsunan Zambiya da aka buga a 1978, sun ci gaba da nuna illar tsarin, kuma nazarce-nazarcen da aka yi daga baya sun gano yara masu yawa suna gama firamare ba su iya karatu sosai da Ingilishi ko da harshensu ba. Sai a 1996, bayan Kaunda ya sauka, aka yarda a fara koya wa yaro karatu da harshen da ya sani.

5.0 Daga Raba Daidai zuwa Jam'iyya Ɗaya

Ingilishi bai kashe ƙabilanci a cikin UNIP ba. A babban taron jam'iyya na Mulungushi a watan Agusta 1967, aka yi zaɓen shugabanni bisa ƙawancen harshe: masu magana da Bemba da Tonga a gefe ɗaya, masu Nyanja da Lozi a ɗaya gefen. Kapwepwe ya kada Reuben Kamanga, ya zama mataimakin shugaba. Gaba ta yi tsanani har a watan Fabrairu 1968 Kaunda ya ce ya ajiye mulki a tsakiyar wani taro a Lusaka, sai da aka kwana ana roƙonsa ya janye. Daga nan ya ƙarfafa dabarar raba muƙamai daidai tsakanin larduna, yana yawan sauya ministoci domin kada wani ya yi jijiya a wuri ɗaya. Dabarar ta hana wata ƙabila mamaye gwamnati, amma ta mayar da kowane muƙami kyauta daga hannun mutum ɗaya.

A nan ya dace a ambaci abin da ya haɗa shi da Nijeriya. A watan Mayu 1968 Zambiya ta amince da Biyafara a matsayin ƙasa, ta bi sahun Tanzaniya da Gabon da Kwaddibuwa, bisa hujjar cewa haɗin kai ba ya tabbata da ƙarfin bindiga. Amma shekara ɗaya bayan haka, a 1969, gwamnatin Kaunda ta soke yarjejeniyar Barotse, ta mayar da yankin Lardin Yamma kamar kowane lardi. Ma'aunin da ya auna wa Nijeriya da shi bai yi amfani da shi a gida ba, kuma ƙorafin Lozi a kan wannan ya daɗe bayan mulkinsa.

A 1971 Kapwepwe ya fice ya kafa jam'iyyar UPP, wadda ta sami karɓuwa a Lardin Tagulla, har ya ci zaɓen cike gurbi a Mufulira. A watan Fabrairu 1972 Kaunda ya haramta jam'iyyar, ya tsare abokin ƙuruciyarsa tare da mutum fiye da ɗari, ya kuma naɗa hukuma ƙarƙashin Mainza Chona domin ta tsara yadda za a koma jam'iyya ɗaya. Ba a ba hukumar damar tambayar jama'a ko suna so ba, sai dai yadda za a yi. A watan Disamba 1972 UNIP ta zama jam'iyya tilo, a 1973 kuma Nkumbula ya sa hannu a sanarwar Choma, ANC ta narke. Hujjar ita ce dai ta farko, cewa jam'iyyu da yawa za su koma jam'iyyun ƙabilu. A zaɓukan 1973 da 1978 da 1983 da 1988 Kaunda shi kaɗai ya tsaya, mai ƙuri'a ya ce i ko a'a. Da Kapwepwe da Nkumbula suka nemi yin takara da shi a cikin jam'iyya a 1978, sai aka sauya ƙa'idoji aka hana su. Amma ya kamata a faɗi cewa ba a san mulkinsa da kashe abokan hamayya ba. Waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa saboda yunƙurin juyin mulki na 1980, irin su lauya Edward Shamwana, an sassauta musu, an kuma sake su daga baya.

6.0 Maƙwabta da Tattalin Arziki

Zambiya ba ta da gaɓar teku, kuma a 1964 huɗu daga cikin maƙwabtanta takwas suna hannun Fotugal ko Turawa tsiraru: Angola da Mozambik da Rodeshiya da Namibiya. Da Ian Smith ya ayyana 'yancin Rodeshiya da kansa ran 11 ga Nuwamba 1965, hanyar jirgin ƙasa da tagullar Zambiya take bi zuwa teku ta faɗa hannun abokin gaba. Kaunda ya juya gabas. A 1968 aka gama shimfiɗa bututun mai daga Darussalam zuwa Ndola, kuma tsakanin 1970 da 1975 ƙasar Sin ta gina hanyar jirgi ta TAZARA mai tsawon kilomita 1,860 zuwa Kapiri Mposhi. Lusaka ta zama mazaunin ANC ta Afirka ta Kudu ƙarƙashin Oliver Tambo, da ZAPU ta Joshua Nkomo, da SWAPO ta Namibiya na wani lokaci. Saboda haka sojojin Rodeshiya suka kai hare-hare cikin ƙasar a 1978 da 1979, har tsakiyar Lusaka. Duk da wannan, Kaunda bai rufe ƙofar magana ba: ya gana da John Vorster a gadar Victoria a 1975, da P. W. Botha a 1982, da F. W. de Klerk a 1989. Taron ƙasashe renon Ingila da ya karɓi baƙuncinsa a 1979 shi ya share fagen tattaunawar da ta kai Zimbabwe ga 'yanci a 1980.

A cikin gida ya shimfiɗa aƙidar da ya kira mutuntaka, wadda ta gauraya koyarwar Kirista da gurguzu da zumuncin gargajiya. A sanarwar Mulungushi ta 1968 da ta Matero ta 1969 gwamnati ta karɓi kashi 51 cikin ɗari na manyan kamfanoni, har da na haƙar tagulla. Da kuɗin tagulla aka gina makarantu da asibitoci, aka buɗe Jami'ar Zambiya a 1966, aka kuma sa tallafi a kan garin masara, wanda shi ne abincin kowane gida. Matsalar ita ce, tagulla kaɗai take kawo kimanin kashi 90 cikin ɗari na kuɗin waje. Da farashin mai ya tashi a 1973, na tagulla kuma ya faɗi a 1975, sai gwamnati ta shiga cin bashi da fatan farashin zai farfaɗo. Zuwa 1990 bashin ya kai kimanin dala biliyan 7.

7.0 Faɗuwa da Abin da Ya Biyo Baya

Ba ƙabilancin da yake tsoro ne ya kayar da Kaunda ba. A watan Disamba 1986, da aka janye tallafin garin masara bisa sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya, tarzoma ta tashi a Lardin Tagulla, aka rasa rayuka. A watan Mayu 1987 ya raba gari da Asusun, amma bayan shekara biyu dole ya koma. A watan Yuni 1990 farashin gari ya sake ninkawa, Lusaka ta yamutse, kuma ran 30 ga watan wani laftana, Mwamba Luchembe, ya yi shelar juyin mulki a rediyo. Shelar ba ta wuce 'yan sa'o'i ba, amma murnar da jama'a suka fito suna yi ta isa ishara. A watan Yuli aka kafa ƙungiyar MMD, wadda ta haɗa 'yan ƙwadago da lauyoyi da 'yan kasuwa daga kowane lardi. A watan Disamba Kaunda ya sa hannu a dokar da ta soke tsarin jam'iyya ɗaya, ya kuma rage wa'adinsa da shekara biyu.

A zaɓen 31 ga Oktoba 1991 Frederick Chiluba, shugaban ƙungiyar ƙwadago wanda Kaunda ya taɓa tsarewa a 1981, ya sami kimanin kashi 76 cikin ɗari na ƙuri'u. MMD ta ɗauki kujeru 125 daga cikin 150. Daga cikin 25 da UNIP ta samu, 19 na Lardin Gabas ne, wato jam'iyyar da aka gina domin ta rufe bakin lardanci ta ƙare a matsayin jam'iyyar lardi ɗaya. Kaunda ya amince da sakamakon, ya miƙa mulki ran 2 ga Nuwamba, ya shiga sahun farko na shugabannin Afirka da suka sauka saboda sun faɗi zaɓe.

Daga nan sai reshe ya juya da mujiya. Da ya nuna niyyar sake tsayawa, gwamnatin Chiluba ta gyara tsarin mulki a 1996, ta ce ɗan takarar shugabanci sai wanda iyayensa biyu 'yan asalin Zambiya ne. Kowa ya san wanda ake nufi. UNIP ta ƙaurace wa zaɓen. A ranar Kirsimeti ta 1997 aka kama shi bisa zargin hannu a wani yunƙurin juyin mulki, Nyerere ya ziyarce shi a kurkuku, daga baya aka janye tuhumar. A 1999 wata babbar kotu a Ndola ta yanke cewa ba shi da ƙasa, ba a warware wannan ba sai a 2000. Baƙuntar da ta sa ƙabilu suka amince da shi a 1964 ita ce aka kafa hujja da ita wajen fitar da shi daga siyasa. Sauran rayuwarsa ya ba da ita ga yaƙi da cutar ƙanjamau, wadda tun a 1987 ya fito fili ya ce ita ta kashe ɗansa, a lokacin da shugabanni suke ɓoye irin wannan. Ya rasu a Lusaka ran 17 ga Yuni 2021 yana da shekara 97.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi rayuwar siyasar Kaunda ta fuskar abu ɗaya, wato neman haɗa kan ƙasa mai harsuna da yawa. An ga cewa ya yi amfani da hanyoyi uku: Ingilishi a makaranta da ofis, raba muƙamai tsakanin larduna, da jam'iyya ɗaya. Ba za a musa ba cewa Zambiya ta tsira daga yaƙin basasa, alhali maƙwabtanta Angola da Mozambik da Kwango sun faɗa cikinsa, kuma tura ma'aikata da ɗalibai nesa da gida ya haifar da auratayya da cuɗanya tsakanin ƙabilu. Sai dai kowace hanya ta zo da farashinta. Jam'iyya ɗaya ta hana a gaya wa gwamnati gaskiya a kan tattalin arziki har sai da yunwa ta faɗa mata. Ingilishi kuma, wanda aka zaɓa domin ba na kowa ba ne, ya zama na 'yan boko da 'ya'yansu, ya bar ɗan ƙauye a baya tun daga aji ɗaya. Ga masu nazarin harsunan Nijeriya, tarihin Zambiya daga 1965 zuwa 1996 misali ne da ya cancanci a duba shi da kyau duk lokacin da aka kawo hujjar haɗin kai domin a jinkirta koyarwa da harsunan gida.